Tsofaffin Taswirori a Matsayin Jagora ga Tarihin Ƙasar Daura

Gabatarwa

Duk ɗalibin da aka ce ya kawo tarihin Daura, abin da zai fara zuwa bakinsa shi ne labarin Bayajida da macijiya da rijiyar Kusugu. Wannan ba laifi ba ne, domin da shi aka yaye mu tun muna firamare. Amma in aka matsa aka tambaye shi inda ƙasar Daura ta tsaya ta arewa kafin zuwan Turawa, ko kuwa dalilin da ya sa Magarya take cikin Jamhuriyar Nijar alhali Zango tana Nijeriya, sai ka ga ya ɗauko taswirar Jihar Katsina ta yau, ya nuna ƙananan hukumomi biyar, watau Daura da Zango da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu, ya ce ga ƙasar Daura nan. To, a nan kuskuren yake. Siffar da ya nuna ba ta samu ba sai a farkon ƙarni na 20, kuma ba mutanen Daura suka shata ta ba.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi wasu tsofaffin taswirori ɗaya bayan ɗaya, tun daga waɗanda ba su san da Daura ba har zuwa waɗanda suka raba ƙasarta biyu, domin a ga abin da mai nazarin tarihi zai iya tsinta a cikinsu. Kafin a shiga, ya kamata mai karatu ya riƙe abu guda. Taswira kamar mai ba da shaida ce a gaban alƙali. Ba a karɓar maganarta sai an san wanda ya zana ta, da shekarar da ya zana, da kuma ko ya taka ƙasar da ƙafarsa ko labari ya ji. Sannan a binciki wanda ya sa shi aikin, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Zamanin da sunan Daura bai fito ba

A shekarar 1154 malam Al-Idrisi ya zana wa Sarkin Sisili taswirar duniya, wadda a cikinta kudu take sama, arewa take ƙasa. Ya nuna Gana da Kawkaw da Kanem, amma babu birnin Hausa ko ɗaya. Biranen Hausa ba su shiga taswirorin Turai sosai ba sai ta hanyar Alhasan Alwazzan, mutumin Fas wanda Turawa ke kira Leo Africanus. Ya gama littafinsa na bayanin Afirka a 1526, aka buga shi a Italiya a 1550. A ciki ya lissafa masarautu 15 na ƙasar baƙar fata, har da Gobir da Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara. Masu zanen taswira na Turai, irin su Ortelius a 1570, suka kwashe waɗannan sunaye suka jera su a gefen wani kogi da suke zaton yana gangarawa yamma, suna rubuta Guber da Cano da Casena da Zegzeg da Zanfara. Haka aka yi ta kwafe su, wannan daga wancan, har kusan shekara ɗari biyu.

A cikin wannan jeri babu Daura. Mai gaggawa zai ce ke nan Daura ba ta da wani muhimmanci a ƙarni na 16, ko ma ya fara shakkar daɗewarta. Amma in aka duba da kyau, za a ga Rano da Biram su ma ba su fito ba. Watau uku daga cikin Hausa Bakwai sun ɓace, Zamfara kuwa, wadda ake lissafawa cikin Banza Bakwai, ta samu shiga. Wannan ya nuna mana ma'aunin da marubucin ya yi aiki da shi. Shi mutum ne da ya ga Sudan da idon fataken Sahara, garuruwan da ayari ke sauke kaya ya sani. A ganina, abin da shirun taswirorin nan ke faɗa shi ne, a wancan zamani Daura ba ta cikin manyan kasuwannin da Larabawan arewa ke nufa kamar Kano da Katsina. Girmanta na asali ne da sarauta, wannan kuwa ba abin da falke ke rubutawa ba ne. Don haka shirun ya koya mana wani abu game da hanyoyin ciniki, amma bai isa hujja a kan shekarun garin ba.

A 1749 wani Bafaranshe mai suna d'Anville ya fitar da taswirar Afirka wadda ya share duk abin da ba shi da tabbacinsa, ya bar tsakiyar nahiyar kusan fari fat. Wannan farin wuri shi ya ta da hankalin Turawa, har aka kafa wata ƙungiya a Landan a 1788 domin aika 'yan leƙen ƙasa su cike shi.

Zanen da 'yan ƙasa suka yi

Ɗaya daga cikin waɗanda ƙungiyar ta aika shi ne wani Bajamushe, Friedrich Hornemann. Ya isa Murzuk ta ƙasar Fazzan a ƙarshen 1798, ya zauna yana tambayar fatake da alhazai labarin ƙasashen kudu. A nan ne wani malami ya zana masa yadda ƙasashen Hausa suke zaune da juna. An buga bayanin Hornemann a 1802, bayan shi kansa ya mutu a ƙasar Nufe, kuma a cikin ƙasashen da aka ambata akwai Daura tare da Katsina da Kano da Gobir da Kabi. Bayanin ya kuma nuna cewa yawancin sarakunan nan suna kai gaisuwa Barno.

Wannan ɗan zane yana da daraja ta fuska biyu. Na farko, an yi shi shekaru kaɗan kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, saboda haka ya kama mana hoton Daura tana ƙasa mai sarkinta a ƙarshen mulkin Haɓe. Na biyu, da zarar an tambayi mutumin da ya san ƙasar daga ciki, sai ga sunan Daura ya fito. Abin da masu zanen Turai suka yi ƙarni biyu ba su sani ba, malamin nan ya san shi kamar yunwar cikinsa. Abin takaici shi ne sunan Baturen ne ya tsaya a kan littafin, shi kuwa malamin ba a ambaci sunansa ba.

Haka kuma, a 1824 Kyaftin Clapperton, wanda aka fi sani da Abdullahi, ya sauka Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya koma Ingila da wata taswira da aka zana a fadar, aka buga ta a 1826. Muhammadu Bello ba baƙo ba ne ga ilmin sanin ƙasa, domin littafinsa Infaƙul Maisur ya fara ne da bayanin ƙasashen Tukururu. Duk da haka abin da taswirar ta nuna game da mafitar kogin Kwara bai dace da abin da aka tabbatar a 1830 ba, lokacin da Richard Lander da ƙanensa suka bi kogin har teku. Wasu masana suna ganin al'adar littattafan Larabci aka bi, wasu kuwa suna ganin da gangan aka ɓoye wa baƙo hanyar ruwa da za ta iya kawo jiragen yaƙi. Ko wanne ne gaskiya, darasin ɗaya ne: mai zane yana da tasa manufa, ko Bature ne ko ɗan ƙasa.

Daura uku a ƙarƙashin launi ɗaya

A wajejen 1805 Malam Isiyaku ya ci birnin Daura da tutar Shehu, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa suka yi arewa da gabas. Zuriyar sarakunan Haɓe ba ta watse ba. Bayan yawo da sauye-sauyen mazauni, wani reshe ya kafu a Zango, wani a Ɓaure, kowanne yana kiran kansa Sarkin Daura. Ta kudu kuma Ɗantunku ya yanki ƙasa daga Kano da Katsina da Daura ya kafa Kazaure, har Clapperton ya tarar da rigimarsa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo a 1824. Ta arewa, Damagaram ta yi ƙarfi ƙwarai, musamman a zamanin Sarki Tanimu, har Zango da Ɓaure suka shiga ƙarƙashin inuwarta suna kai mata gaisuwa. Ke nan a yawancin ƙarni na 19 Daura uku ce: ta Fulani a birni tana bin Sakkwato, da biyu na Haɓe suna duban Damagaram. M. G. Smith ya yi cikakken bayanin wannan a littafinsa kan al'amuran Daura wanda aka buga a 1978.

To, me taswirorin wannan ƙarni suka nuna? Mafi shahara su ne waɗanda August Petermann ya zana daga bayanan Dokta Barth, watau Abdulkarim, aka buga su tare da littafinsa mai juzu'i biyar a 1857 zuwa 1858. Barth ya shigo ƙasar Hausa a farkon 1851 ta Tasawa da Gazawa, ya shiga Katsina, ya isa Kano a watan Fabrairu, daga nan ya bi ta Gumel zuwa Kukawa. In mutum ya ɗora yatsa a kan wannan hanya zai ga ta zagaye ƙasar Daura ta yamma da kudu. Shi Barth da kamfas da agogo yake auna tafiyarsa, yana rubuta kowace juyawa, don haka inda ya taka ana iya dogara da shi ƙwarai. Inda bai taka ba kuwa, fatake yake tambaya su lissafa masa zango-zango, kwana nawa daga gari kaza zuwa gari kaza. Wajibi ne mai nazari ya rarrabe waɗannan iri biyu a kan takarda, domin gani ya kori ji. Garin da aka sa bisa lissafin kwanakin tafiya yana iya gocewa daga ainihin wurinsa da mil masu yawa, gama tafiyar mai jaki da ta mai doki ba ɗaya ba ce.

Babbar matsalar taswirorin da suka biyo baya ita ce launi. Masu buga taswira a Turai sun saba shafa wa kowace daula launinta, su ja mata layi a gefe. Sai su shafe Daular Sakkwato da launi ɗaya, Barno da wani. A ƙarƙashin wannan shafe ba za ka ga cewa tafiyar 'yan sa'o'i daga ganuwar Daura akwai wani sarki a Zango da ba ya bin Sakkwato ba. Gaskiyar magana, iyakar ƙasa a wancan zamani ba layi ba ce. Sarki yana mulkin mutane da garuruwan da ke kai masa haraji ne, tsakaninsa da maƙwabcinsa kuwa sau da yawa daji ne da aka bari saboda tsoron hari. Gari yana iya bin wannan sarki bana, baɗi ya koma wa wancan. Wanda ya nemi iyakar Daura ta 1850 a matsayin layi guda, yana neman abin da ba a taɓa yi ba.

Layin Turawa

Layin ya zo ne daga Landan da Paris, kuma sau huɗu ana taɓa shi. A watan Agusta 1890 Ingila da Faransa suka amince da wani layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, bisa sharaɗin duk abin da yake na Sakkwato ya zauna a ɓangaren Ingilishi. A lokacin babu ɗayansu da ke mulkin ko ƙauye ɗaya a wannan yanki. A watan Yuni 1898 aka sake shata shi: aka kafa tsinin kamfas a kan Sakkwato aka zagaya baka mai nisan mil 100, sannan layin ya miƙe gabas, ya gangaro zuwa digiri 13 da minti 20 arewa da ikwaita, ya bi wannan har mil 250.

A nan ne taswira ke yi wa ɗalibin tarihin Daura babban amfani. Birnin Daura yana kan digiri 13 da 'yan mintoci, Magarya kuwa tana kusan daidai digiri 13. Watau Magarya ba ta fi Daura arewa ba. Bisa layin 1898, ita da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ɓangaren Ingilishi suke tare da Daura da Zango da Ɓaure. Amma duk wanda ya duba taswirar yau zai ga iyaka ta wuce arewacin Mai'aduwa, sannan da ta yi gabas sai ta lanƙwaso kudu, ta bar Magarya a Nijar. Wannan lanƙwasa tana da tarihi.

Faransawa sun ci Damagaram a 1899, sai suka tarar layin 1898 ya bar su da hamada, ba su da hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Zindar. Suka yi ta neman a gyara. A yarjejeniyar Afrilu 1904 Ingila ta yarda a turo layin kudu, aka kuma ce jama'ar da ke bin Tasawa da Maraɗi da Damagaram a bar wa Faransa su gwargwadon iko. Daga cikin abin da Faransa ta bayar a madadi har da haƙƙin da masuntanta ke da shi a gaɓar tsibirin Newfoundland, can gefen Kanada. Mai karatu ya tsaya ya yi tunani: makomar manomin gero a gabashin Daura an ɗaura ta da cinikin kifi a wani teku da bai taɓa jin sunansa ba. Yarjejeniyar Mayu 1906 ta fayyace layin gari-gari, sannan daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamomi har 148 daga Kwara zuwa Chadi, aka tabbatar da aikin a 1910. Mutanen kan iyaka suna kiran turakun ƙarfen nan tangaraho.

Sakamakon haka, garuruwan Zango da Ɓaure suka tsaya a ɓangaren Ingilishi, amma yanki mai faɗi na tsohuwar ƙasar Daura ya faɗa hannun Faransa. A cikin waɗannan shekaru ne kuma, tsakanin 1904 da 1906, Ingilishi suka ɗauke sarauta daga gidan Fulani suka mayar wa Malam Musa na Zango, aka haɗe abin da ya rage ya zama masarauta ɗaya. Daga gare shi ne sarautar ta gangaro zuwa Abdurrahman a 1911, da Muhammadu Bashar a 1966, da Umar Faruk Umar a 2007. Wani masani ɗan Amurka, William Miles, ya zauna a 'Yardaje ta Nijeriya da Yekuwa ta Nijar, ƙauyuka biyu maƙwabta da layin ya raba, ya rubuta littafi a 1994 kan yadda mulkin Ingilishi da na Faransa suka bambanta rayuwar mutanen da asalinsu ɗaya ne. Har yanzu layin yana cizo. Da aka rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, mutanen Kwangwalam da Babban Mutum sun ji a jikinsu, domin kasuwarsu da surukansu suna ƙetaren tangaraho.

Taswirorin En'e da na safiyo

Bayan kafuwar mulkin Turawa, aikin zanen taswira ya sauko zuwa gunduma da ƙauye, domin haraji. Jami'an mulki sukan zagaya su ƙidaya gidaje da gonaki da dabbobi, su haɗa rahoto da ɗan zanen gundumar. Irin waɗannan rahotanni suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Ga mai tarihin ƙaramin gari sun fi taswirar Barth amfani nesa, gama suna nuna rijiyoyi da kasuwanni da burtali da ƙauyukan da yau sun zama kufai.

Wani lokaci akan sami taswira ba shekara a jikinta. Sunan lardi ko jiha yakan taimaka. In Daura tana cikin Lardin Kano, an yi ta kafin 1934, shekarar da aka kafa Lardin Katsina aka haɗa masarautun Katsina da Daura. In an rubuta Jihar Arewa ta Tsakiya, tsakanin 1967 da 1976 ne. In Jihar Kaduna ce, daga 1976 zuwa 1987, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Katsina.

Sunayen wurare su ma taska ne. Tsohon Birni, wanda tarihin baka ya ce nan ne mazaunin sarauniyoyi kafin Magajiya Daurama ta dawo da fada inda take yanzu, sunansa kaɗai ya isa ya sa mai bincike ya je ya duba. Inda aka ga Kafi, a yi tunanin zamanin hare-hare. Inda zango-zango suka jeru, a nemi tsohuwar hanyar fatake, irin wadda ta tashi daga Kano ta bi Kazaure da Daura zuwa Damagaram. Sunaye kamar Mai'aduwa da Ɓaure suna ɗauke da itatuwa, Ruga tana nuna zaman Fulani. Sai dai a yi hattara da rubutun baƙi. Bafaranshe yana rubuta Daoura da Kantché da Tessaoua, tsohon Baturen Ingila yana rubuta Kashna, kuma dukansu ba su da haruffa masu lanƙwasa. Kada a kafa hujja a kan suna sai an ji yadda mutanen garin ke furta shi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mun ga taswirorin ƙarni na 16 sun tsallake Daura saboda idon fatake aka yi su da shi, zanen malamin Murzuk ya dawo da ita, launin ƙarni na 19 ya ɓoye rabuwarta uku, yarjejeniyoyin 1898 zuwa 1906 kuma suka yanke mata gefe. Babu ɗaya daga cikinsu da ta isa ita kaɗai. Sai an ɗora wannan a kan waccan, an gwama da Girgam da waƙoƙin makaɗan fada da abin da tsofaffi suka riƙe, sannan hoton zai fito.

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda za su rubuta kundin kammala digiri a kan tarihin garuruwansu, da kada su tsaya inda taswirar jiha ta tsaya. Wanda ya rubuta tarihin Zango ko Ɓaure bai leƙa Magarya da Zindar ba, rabin labari ya kawo. Rahotannin tawagar Tilho, waɗanda aka fara bugawa a 1910, suna ƙunshe da tarihin baka da aka tattara a wancan ɓangare, amma da Faransanci suke, mu kuwa kaɗan ne cikinmu ke karanta shi. Wannan ma wani aiki ne na layin nan, kuma ya kamata sashenmu ya duba yadda za a fassara su zuwa Hausa. Haka nan, in an tafi hutu, a ɗauki hoton tsohuwar taswira a kai wa dattawan gari, a karanta musu sunayen ɗaya bayan ɗaya, a rubuta abin da suka ce game da kowane kufai da kowace rijiya. Takarda tana iya jira a Kaduna wasu shekaru, amma tsohon da ya san inda burtali ya bi ba zai jira mu ba. Allah ya sa mu dace.